Binnen da Muka Yi Ana Gobe Ista

Ranar Laraba ɗana Bulus ya dawo daga kasuwar Dawanau da irin gero a leda, ya ajiye mini a gindin darbejiyar da nake shan iska. Na kwance bakin ledar na leƙa, sai na ga gero ja wur kamar an yi masa lalle. Ya ce magani aka shafa masa saboda ƙwari, in kula kada kaji su taɓa, kada kuma jikokina su kai baki. Na ce to, ashe yanzu iri ya koyi tsare kansa. Bai gane inda na dosa ba, ya yi dariya ya shige gida. Ni kuwa na daɗe zaune da ledar a cinya, domin satin Ista ne, kuma zafin bana ya yi kama da na wata shekara da ba na son tunawa amma ta ƙi barina.

Mu Kiristoci 'yan tsiraru ne a ƙauyenmu, can tsakanin Dawakin Tofa da Makoda. Gidaje kaɗan ne, duk dangi, kakanninmu Maguzawa. Duk wanda ke kewaye da mu Musulmi ne, gona jikin gona, danga jikin danga, rijiya ɗaya muke sha. Jikata mai zuwa makaranta ta taɓa nuna mini a waya cewa a ƙasashen Turawa Ista tana zuwa ne lokacin da furanni ke buɗewa, ciyawa ta yi shar. Na ce Allah Ya ba su lafiya. Mu nan a tsakiyar bazara take samunmu, lokacin da ƙasa ta bushe ƙamas, rumbu ya fara nuna gindi, kowa ya zuba wa gabas ido.

A shekarar da nake magana, daminar baya ta yanke tun gero yana da ciki. Abin da muka girba bai kai mu ko'ina ba. Maigidana ya tafi cin rani kudu bayan Kirsimeti, daga nan labari ya yi shiru. Uwar mijina ta riga ta rasu. Gida ya rage daga ni sai surukina, wanda nake kira Baba, sai Bulus a goye, sai 'yata ta fari, wadda ba ta wuce shekara biyar ba. Sunanta ba na faɗa, ko yanzu da na tsufa. 'Yar fari ce, a wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta jansa a jiki a gaban mutane. Baba ne ke ji da ita. Amarya yake ce mata, ita kuma ta ce ba ta son miji mai furfura, su yi ta yi har in gaji in bar musu tsakar gida.

Da asuba nake fita rijiya, don in rana ta ɗaga sai dai a kwaso taɓo. An ƙara wa guga igiya har sau nawa ban sani ba. In na dawo sai in goya Bulus in bi gefen gonaki ina neman yaɗiya da ganyen aduwa, tare da sauran mata, kowa na satar kallon ƙwaryar 'yar'uwarta. Tafasar da muka shanya da kaka ta ƙare tuntuni. Da hantsi rairayi ya fara cin ƙafa, dole a koma. Tsakar rana kuwa ba mai motsi, ko kaji sai su buɗe baki su kwanta a gindin randa. Da yamma in dafa ganyen, in yayyafa dusar da Baba ya samo a kasuwa bayan ya sayar da akuyarmu ta ƙarshe, mu ci sau ɗaya mu sha ruwa. Ba ƙoshi ake nema ba, a dai rufa wa ciki baki har gobe.

Amma akwai gero a gidan. Dami ɗaya ne, zangarniyoyin da Baba ya bi gona ya zaɓa da hannunsa, waɗanda suka jure farin suka yi ido. Ya ɗaure ya rataye a ɗakinsa, sama, inda ɓera ba ya kaiwa. Shi ne irinmu. In na shiga share masa ɗaki ba na ɗaga kai, don na san in na kalla zuciyata za ta fara lissafin da bai kamata ba.

Sai ƙyanda ta shigo gari. Ta bi gida gida, ta zo kan Amaryar Baba. Ƙurajen sun fito sun baje, muka ce an auna arziki, amma yarinya ta ƙi tashi. Gudawa ta kama ta. In na ba ta ganye da dusa sai ya dawo. Wuyanta ya rame, idanunta suka yi zuru-zuru, muryarta ta koma ciki. Abu ɗaya take iya faɗa in na duƙa kusa da ita, shi ne kunu.

A haka satin Ista ya same mu. Cocinmu a lokacin ɗakin ƙasa ne da jinkar ciyawa. Mai bisharar da aka turo mana ya koma garinsu saboda mun kasa ciyar da shi, fasto kuma ba a sa ran zuwansa, don haka ba a yi Jibin Ubangiji ba, wato cin gurasar tunawa da Yesu. Baba ne dattijon ikilisiya, shi ya iya karatu. Ranar Alhamis da la'asar ya tara mu, ya buɗe Littafi Mai Tsarki, amma bai daɗe yana kallon takarda ba, ya san zancen da ka.

Ya ce kada mu ɗauka Ista daga Yesu ta fara, tushenta yana can baya, a Masar, lokacin da Isra'ilawa ke bauta a hannun Fir'auna. A daren da Allah zai fitar da su, Musa ya umarci kowane gida ya yanka ɗan rago, ya shafa jinin a dogaran ƙofa. Su gasa naman, su ci da gurasar da ba a jira ta kumbura ba, da ganyaye masu ɗaci, a tsaye, takalmi a ƙafa, sanda a hannu. Mutuwa ta bi ƙasar tana ɗaukar 'ya'yan fari, amma duk ƙofar da ta ga jini sai ta ƙetare. Shi ya sa ake kiran ranar Idin Ƙetarewa. Ya ce wannan idin Yesu ya zo ci a Urushalima, wannan abincin ne ya ci da almajiransa a daren Alhamis kafin a kama shi, ya gutsuttsura gurasa ya ce jikinsa ne, ya miƙa ƙoƙo ya ce jininsa ne. Ya ce shi ya sa Ista ba ta da tsayayyar rana kamar Kirsimeti, wata take bi kamar yadda idin Yahudawa ke bi, sai wata ya cika sannan Lahadin da ta biyo baya.

Wata tsohuwa a bayana ta ce ganye mai ɗaci dai muna da shi, ɗan ragon ne babu. Aka ɗan murmusa. Ni ban murmusa ba. Tunda Baba ya ce 'ya'yan fari kunnena ya toshe. Ina zaune ina tunanin ƙofar ɗakina, da abin da zan shafa mata.

Ranar Juma'a muka koma da tsakar rana, jinka na zubo da zafi, gumi na bin bayan kowa. Baba ya karanta yadda aka yi wa Yesu shari'a, aka yi masa bulala, aka gicciye shi tsakanin 'yan fashi biyu, uwarsa na tsaye tana kallo. Ya karanta inda ya ce yana jin ƙishirwa, sai na ji mutane suna haɗiye yawu. Ya karanta yadda ya cika da la'asar, wani attajiri mai suna Yusufu ya roƙi gawar, ya naɗe ta da likkafani, aka sa ta a kabarin da aka sassaƙa cikin dutse, aka yi sauri don rana na faɗuwa Asabar za ta shiga, ranar da Yahudawa ba sa aiki. Aka gangaro da babban dutse aka rufe. Baba ya rufe littafin a nan, ya ce sauran sai jibi.

Da muka dawo gida na tarar yarinyar ta amayar da ɗan ruwan da na ba ta. Na yi abin da ban taɓa yi ba. Na je ƙofar ɗakin Baba na durƙusa, kaina a ƙasa.

"Baba, mai jikin nan ba ta riƙe komai. Kunu take kira. Ga gero a rataye."

"Wannan ba gero ba ne, Saratu. Iri ne."

"A turmi duk ɗaya ne, Baba."

Ban san inda na samo bakin ba. Baba ya ɗaga kai ya dubi damin. Sannan ya tashi, ya taka turmi ya sauko da damin, ya zare zangarniyoyi masu kauri ya ajiye a gabana, abin da zai yi kunun 'yan kwanaki.

"Ungo, dama mata. Sauran ki sussuke mini yau. Gobe za mu yi binne."

Wanda ba manomi ba sai a yi masa bayani. Binne shi ne a shuka iri a busasshiyar ƙasa tun ruwa bai sauka ba, ya kwanta a ciki yana jira, ranar da aka yi ruwan farko ya tsiro kafin kowa. Ana yi, ba baƙon abu ba ne. Amma sai an ga alamar damina ta matso, iska ta juya, hadari ya fara gilmawa. Mu kuwa a lokacin ko ƙyallin gajimare babu. Irin da ya daɗe a ƙasa rabon tururuwa ne da zabi, in kuma aka yi yayyafin da bai ratsa ba, sai ya tsiro rana ta ƙone shi.

"Baba, yanzu? Ai da sauran lokaci."

"Da saura, na sani. Yau kin roƙe ni na ba ki. In wannan ya ƙare za ki dawo, ni kuma zan sake ba ki, don Amarya ce. Ba ke nake tsoro ba, 'yata, kaina nake tsoro. Ranar da ruwa zai sauka ya tarar da mu da sungumi a hannu ba abin zubawa, to ba mutum ɗaya za a rasa a gidan nan ba. A ƙasa ne kaɗai hannuna ba zai kai gare shi ba."

Na kwashi zangarniyoyina na tashi ban ce na gode ba. Na tsane shi a wannan yammacin, ba zan ɓoye ba. Na san gaskiya ya faɗa, kuma sanin ne ya ƙara mini tsanar. Na sussuke irin ina kuka ba sauti, na sheƙe, na zuba a ƙwarya na kai masa. Yarinyar ta sha kunu ludayi guda, ya zauna, ta yi barci.

Ranar Asabar gari bai gama wayewa ba ina tsakar gida ina wanke ƙwaryar kunu, sai maƙwabciyarmu Inna Hansai, matar Malam Haruna, ta leƙo ta kan danga kamar yadda ta saba.

"Saratu, an tashi lafiya? Ya mai jiki?"

Na ɗago, idona a kumbure. Ba tambayarta na amsa ba, abin da ya kwana a raina na faɗa.

"Inna, yau za a yi binne."

Ta dafe ƙirji ta ce, "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un." Ba ta tambaye ni wa ba, ta san uwa ba za ta ambaci 'yar fari ba, ba za ta kuma so ta sa ni abin kunya ba. Ta sauka daga dangar da sauri. Ni kuma na ɗauka irin take taya ni jimami, har na ji sanyi a raina cewa akwai wanda ya ga abin da na gani.

Rana ba ta gama fitowa ba sai na ji sallama a ƙofar gida, muryoyin maza da yawa, ƙasa-ƙasa. Na leƙa ta zaure. Malam Haruna ne a gaba, da 'ya'yansa manya, da wasu magidanta na unguwarsu, wani da diga, wani da hauya. Suka tsuguna a jikin katanga. Baba ya fito da sungumi a kafaɗa da ƙwaryar iri a hannu, ya tsaya yana kallonsu.

Malam Haruna ya ce wa Baba, "Tanko, ya haƙuri? Allah Ya ba da dangana. Mun san ku ba ku da yawa, ƙasar kuma ta yi tauri, shi ne muka ce bari mu zo mu kama muku haƙa." Ya zaro farin ƙyalle a naɗe daga aljihun rigarsa. "Wannan na ajiye wa kaina ne. Zai ishe ta har ya yi saura."

Baba ya dubi ƙyallen, ya dubi ƙwaryar da ke hannunsa.

"Malam, Amarya na nan da ranta. Ta sha kunu jiya. Gero zan binne."

Wani daga baya ya ce alhamdu lillahi, wani ya sunkuyar da kai yana danne dariya. Malam Haruna ya mayar da ƙyallen aljihu a hankali, ya ce Hansai ta ja masa abin faɗa har ya mutu. Sannan ya gyara tsuguno ya dubi sama, wadda take fes ba ko ɗigo.

"Binne a wannan watan, Tanko? Ko zabi sun san ka yi musu gata."

Tare suka taso tun suna kiwon awaki, ba abin da ɗaya ke ɓoye wa ɗaya. Baba ya gaya masa dalili kamar yadda ya gaya mini, a gaban kowa. Ba wanda ya yi dariya kuma. Na ga wasunsu sun kawar da kai, daga baya na ji cewa akwai gidajen da tuni suka taɓa nasu irin. Malam Haruna ya daɗe yana zane a ƙasa da ɗan kara, sannan ya miƙe ya kakkaɓe riga.

"To, tunda mun fito da hauya, ba ma mayar da ita haka ba. Mu je, kafin rana ta yi."

Inna Hansai ta shigo tana salati tana ba ni haƙuri, ta ce in tafi gona ita za ta zauna da yarinyar. Haka muka fita. Maza suka jeru suna sara, masu sungumi da masu hauya, ƙura na tashi daga kowane rami don babu ko alamar danshi. Ni da Baba da wasu mata biyu daga gidajen danginmu muna biye muna zuba iri muna rufewa da dunduniya. Baba ya ce a zurfafa sara, a danne sosai, saboda tsuntsu. Rairayi ya yi zafi tun da wuri, Bulus na ta mutsu-mutsu a bayana. Duk tsunkulin da na ɗiba na san cikin cokali nawa zai yi na kunu. Ina sakinsa a rami, ina turo ƙasa da ƙafata, ina takawa. Ban taɓa yin aikin da raina ya ƙi kamar wannan ba.

Da muka kai tsakiya aka zauna a inuwar gawo aka sha ruwa. Malam Haruna ya ce, "Ni kam na ɗauka sallarku ce ta kama, yau ranar hutu."

Baba ya ce, "Gobe ce sallar. Jiya aka gicciye shi, gobe ya tashi. Yau yana kwance a kabari, mutanensa sun kulle kansu a ɗaki, ba wanda ya san akwai gobe."

"Mu dai ka sani, a wurinmu Annabi Isa, alaihis salam, ba a kashe shi ba. Allah Ya ɗauke shi zuwa gare Shi."

"Na sani, Malam. Ka gaya mini tun muna da baƙin gashi."

"Kai ma ka gaya mini naka. Amma na Annabi Musa da Fir'auna kam ba mu da gardama." Ya kurɓi ruwa ya miƙa wa Baba butar. "Don haka ka zaɓi yau ke nan?"

"Ban zaɓa ba, yunwa ce ta zaɓa. Sai da na zo ina zuba irin na tuna. Akwai inda Yesu ya ce ƙwayar hatsi in ba ta faɗi ƙasa ta mutu ba, ita kaɗai za ta zauna. Da ina karantawa ina jin daɗinsa. Ban san haka yake da nauyi a hannu ba."

Malam Haruna ya miƙe. Ya ɗauki hauyarsa, sauran suka bi shi. Kafin azahar ƙwarya ta koma wayam, gona kuma tana nan yadda muka same ta, fara fat, sai sawun ƙafafu.

Ranar Lahadi da sassafe muka taru a bayan coci, kamar yadda muke yi kowace Ista, muna fuskantar inda rana za ta fito. Baba ya ƙarasa abin da ya bari. Ya ce Asabar na wucewa, da jijjifi, Maryamu Magadaliya da wasu mata suka ɗauki kayan ƙanshi suka nufi kabari don su gyara gawar, suna tafe suna tambayar juna wa zai gangarar musu da dutsen. Suka tarar an riga an kawar da shi, kabari ba kowa, aka ce musu ba ya nan, ya tashi. Ya ce mu lura, ba murna ce ta fara kama su ba, tsoro ne, kuma da suka kai labari maza ba su yarda ba. Sannan ya ɗaga murya ya ce Almasihu ya tashi, jama'a suka amsa lalle ya tashi. Aka yi waƙa, muryoyi ba ƙarfi. Ni bakina ya motsa amma ban ji abin da ya fito ba. Hankalina na kan ɗan geron da ya rage a ƙoƙo.

Ba a yanka ko kaza ba a gidajenmu ranar. Inna Hansai ta aiko da nonon akuya a ɗan kwano, ta ce barka da salla. Yanzu in Ista ta zo Bulus kan sayo shinkafa da nama, matarsa ta dafa a tukunya babba, a kai wa jikokin Malam Haruna, su ma in Sallarsu ta zo su kawo. Ina ci ina godiya. Amma ban taɓa karɓar abin salla da ya kai wannan nonon ba.

Daga nan sai jira. Geron kunu ya ƙare. Inna Hansai ta ci gaba da aiko da nono har akuyar ta ƙafe. Baba ya yi ta yawo gidajen dangi, wata rana ya dawo da ɗan garin rogo, wata rana hannu rabbana. Da safe ya je gona ya kori zabi, ya zauna a gindin gawo yana duban gabas. Sau ɗaya hadari ya haɗu har iska ta taso, muka yi ta addu'a, ni ban ma san me nake roƙo ba, ya sauka ko ya wuce. Ya watse ba ɗigo.

Yarinyar ta ɗan farfaɗo har ta zauna, har ta ce wa Baba ya aske furfurarsa. Sannan gudawar ta dawo. Wata ranar Talata da hantsi, Baba na riƙe da ita a cinyarsa, ta cika. Wannan karon ban ce wa kowa komai ba, kukan Baba ne ya sanar da unguwa. Mutanen dai suka dawo da diga da hauya, Malam Haruna ya miƙa ƙyallensa. Aka kai ta makabartarmu da ke bayan coci. Ni ba a sa ran in yi kuka a gaban mutane, 'yar fari ce. Na riƙe fuskata ina amsa gaisuwa, in abin ya ci ƙarfina in zaga bayan rumbu.

Inna Hansai ta ce ajali ne, ko rumbu guda aka dama mata ba za ta wuce ranarta ba. Wataƙila haka ne. Wataƙila kuma da ta sami kunu kullum da ta tashi. Na juya wannan tambayar a raina fiye da shekara arba'in, ban sami gefen da take zama ba. Tsakanina da Baba kuwa sai gaisuwa. In kai masa abinci in ajiye in juya. Shi ma bai nemi in yi magana ba.

Ruwa ya sauka wata rana da la'asar, bayan mun gama fitar da rai. Iska ta fara, ta kwashe zana, gari ya yi duhu, sannan ya ɓarke kamar da bakin ƙwarya. Ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya cika ko'ina, yara suka fito tsirara suna tsalle, mata suna tara ruwa a duk abin da suka samu. Ni ina zaune a ɗaki da Bulus a cinya. Abin da nake tunani kawai shi ne ruwan yana sauka a bayan coci.

Washegari gari duk ya fita shuka, masu iri da masu bin dangi neman abin zubawa. Mu ba mu da abin yi. Bayan 'yan kwanaki da safe Baba ya tsaya a ƙofar ɗakina, abin da bai taɓa yi ba.

"Saratu, zo mu je gona."

Na so in ce ba ni da lafiya. Amma na goya Bulus na bi shi a baya. Ya rame ƙwarai, yana tafe yana dogara sanda. Da muka kai bakin gona ya tsaya, na tsaya.

Ya tsiro. Ba duka ba, akwai wuraren da tururuwa suka cinye, akwai layin da zabi suka tone, giɓi nan da can. Amma mafi yawa ya fito, sirara, kore, layi-layi har gindin gawo, raɓa a kansu, alhali gonakin maƙwabta ko huda ƙasa ba su yi ba. Wannan geron ne muka fara ci a shekarar tun kafin kowa ya girba, shi ya riƙe ni da Bulus da Baba har maigidana ya dawo, daga cikinsa kuma aka ɗebi irin da gidaje da dama suka shuka a shekara ta gaba. Amma a safiyar nan ban san wannan ba. Na ga ganye ne kawai, raina ya ƙara ɓaci, don ya yi kyau.

Baba bai dube ni ba. Ya ce, "Ban sani ba ko daidai na yi. Kullum ina tambayar Ubangiji, bai amsa mini ba."

Na yi niyyar in yi shiru. Maganar ce ta fito da kanta.

"Gero ya tashi, Baba. Ita fa?"

Hawaye na bin furfurar gemunsa, bai share ba.

"Ita ma binne muka yi, Saratu. Nata ruwan ne bai sauka ba tukuna."

Ban yafe masa a ranar ba, sai da aka daɗe. Amma a nan bakin gona na durƙusa na yi kukan da ban yi a gaban kowa ba, da ƙarfi, a gaban surukina, shi kuma ya tsaya bai hana ni ba. Yanzu shi ma yana can bayan coci kusa da Amaryarsa, da maigidana a gefensu, an bar mini wuri. In hadari ya taso daga gabas, mutane gona suke tunawa. Ni can nake fara dubawa.